Gwajin Filadelfiya: Da Gaske Ne Amurka Ta Ɓatar Da Jirgin Yaƙi A 1943?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani bidiyo da ake ta turawa a WhatsApp, wai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwan Amurka sun naɗe wani jirgin yaƙi da wayoyin lantarki, suna kunnawa ya ɓace ɓat kamar mai layar zana, ya ɓulla a wani gari mai nisa, sannan ya dawo. Wai wasu ma'aikatansa sun haukace, wasu kuma jikinsu ya shige cikin ƙarfen jirgin. An ce da ilimin Einstein aka yi, kuma gwamnati ta danne maganar. Don Allah hakan ya faru? In bai faru ba, me aka yi a zahiri, kuma yau akwai jirgin da ido ba ya gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bai faru ba. Amma wayoyin da aka ce an naɗa wa jiragen yaƙi gaskiya ne, an naɗa su, an kuma kunna musu wuta mai ƙarfi, a asirce. An ɓoye jiragen ne daga nakiyar ruwa, ba daga idon mutum ba.

Labarin da ka gani shi ake kira Gwajin Filadelfiya. Jirgin sunansa Eldridge, lambarsa DE-173, ƙaramin jirgin rakiyar ayari ne mai tsawon mita 93 da nauyin tan 1,240, ma'aikatansa wajen 200. Ranar da aka fi ambata ita ce 28 ga Oktoba 1943: wai koren hazo ya lulluɓe shi a tashar sojan ruwa ta Filadelfiya, ya bayyana a Norfolk, sama da kilomita 300 daga nan, ya koma cikin 'yan mintoci.

Duk wanda ya bi sawun wannan labari zai tarar da mutum ɗaya a ƙarshensa, Carl Allen, ma'aikacin jiragen dakon kaya, wanda yake sa hannu da sunan Carlos Allende. Tsakanin 1955 da 1956, wato shekara 12 bayan abin da ya ce ya gani, ya riƙa aika wasiƙu ga Morris Jessup, wani marubuci da ya fitar da littafi a 1955 kan baƙin abubuwan da ake cewa ana gani suna shawagi a sama. Allen ya ce yana kan jirgin dakon kaya mai suna Andrew Furuseth ya ga ɓacewar da idonsa. Ya ce wata jaridar Filadelfiya ta buga labarin matuƙan jirgin da suka ɓace ana tsakiyar faɗa a mashaya. Masu bincike sun tona tsofaffin jaridun garin, ba su sami wannan labari ba. A wannan tsakanin aka aika wa Ofishin Binciken Kimiyya na Sojan Ruwa kwafin littafin Jessup cike da rubuce-rubuce a gefen shafi, da tawada kala uku, kamar mutum uku ne ke hira. Wasu hafsoshi biyu na ofishin abin ya ja hankalinsu, suka sa wani kamfani a Texas mai suna Varo ya buga 'yan kwafi. Wannan ɗan bugun ne ya sa mutane suka ce ai da babu gaskiya a ciki da soja ba su damu ba. Jessup ya mutu a Afrilun 1959, hukuma ta ce shi ya kashe kansa, sai wannan ma ya zama makamin masu cewa rufe masa baki aka yi. A 1969 Allen ya amsa cewa shi ya yi rubutun gefen shafin, daga baya ya janye. Littafin Charles Berlitz da William Moore na 1979 da fim ɗin 1984 su suka kai labarin ko'ina a duniya.

Takardun jiragen biyu suna nan, ba a ɓoye suke ba. An sa Eldridge a ruwa ranar 25 ga Yuli 1943 a Newark, aka shigar da shi aiki ranar 27 ga Agusta a Niyok. Daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba yana atisaye a wajen tsibirin Bamuda. Ya koma Niyok ranar 18 ga Oktoba, ya zauna har 1 ga Nuwamba, ya biya ta Norfolk, ya raka ayari zuwa Kasabalanka ta Maroko, inda ya isa ranar 22 ga Nuwamba. Babu Filadelfiya a wannan jerin. Shi kuwa Andrew Furuseth ya bar Norfolk ranar 25 ga Oktoba cikin wani ayari da ya nufi Oran ta Aljeriya, saboda haka ranar 28 yana tsakiyar Tekun Atilantika. Kyaftin ɗinsa, William Dodge, ya rubuta wasiƙa yana musanta cewa shi ko ma'aikatansa sun ga wani abin mamaki. A 1999 tsofaffin ma'aikatan Eldridge suka yi taron sada zumunci a Atlantic City, suka shaida wa 'yan jarida cewa jirginsu bai ma taɓa shiga Filadelfiya ba. Mai shakka zai ce kundin jirgi ana iya sauya shi. To amma ayari ba jirgi ɗaya ba ne. Gomman jirage ne, kowanne da nasa kundin, ga rajistar kowace tasha da aka tsaya. Sannan jirgin da aka ce yana ɗauke da babban sirrin Amurka, a Janairun 1951 aka miƙa shi ga ƙasar Girka, suka sa masa suna Leon, suka yi aiki da shi har 1992, aka sayar da ƙarfensa a 1999.

Batun Einstein, ya yi wa sashen makamai na sojan ruwa aikin ba da shawara a 1943 da 1944, kan lissafin abubuwan fashewa. Nazariyyar da ya so ya haɗa lantarki da maganaɗisu da ƙarfin jan ƙasa a cikinta, wadda aka ce da ita aka yi gwajin, har ya rasu a 1955 bai kammala ta ba.

Ko da babu takarda ko ɗaya, kimiyya kaɗai ta isa ta kashe maganar. Maganaɗisu yana karkatar da abin da ke ɗauke da cajin lantarki ne, haske kuwa ba shi da caji, ratsawa yake ya wuce. Na'urar hoton MRI ta asibiti tana da ƙarfin tesla 1.5 zuwa 3, wato ninkin maganaɗisun duniya sau dubun dubata, amma likita yana kallon maras lafiya kwance a ciki. A Tallahassee ta jihar Fulorida akwai maganaɗisu mai tesla 45, babu abin da ya taɓa ɓacewa a cikinsa. Abin da ke lanƙwasa haske a sarari shi ne nauyi, kuma Rana, da ta ninka duniya nauyi sau 333,000, hasken tauraron da ya gifta gefenta ba ta karkatar da shi sai kimanin kashi 1 cikin 2,000 na digiri ɗaya, kamar yadda aka auna a kusufin 1919. Injinan Eldridge gaba ɗaya ƙarfin doki 6,000 ne, wajen megawat 4.5, ina su ina irin wannan aiki. In ma an ɗauka an yi nasarar kewayar da haske ta gefen jirgin, waɗanda ke ciki sun makance ke nan, tunda hasken bai shigo idonsu ba, kuma gurbin da jirgin ya danne a ruwa yana nan a fili.

Ainihin labarin ya faro ne a gaɓar Birtaniya, a ƙarshen 1939. Jiragen ruwa suka yi ta fashewa a mashigar da aka riga aka share, ba tare da sun taɓa komai ba. Ranar 21 ga Nuwamba wata nakiya ta karya gadon bayan babban jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Belfast, sai da ya yi kusan shekara 3 bai koma aiki ba. Kashegari da dare wani jirgin saman Jamus ya jefa nakiya ta faɗa cikin taɓo a Shoeburyness, a bakin Kogin Thames. Da ruwa ya janye, wani hafsa mai suna John Ouvry ya kwance ta da kayan aiki na tagulla, waɗanda maganaɗisu ba ya ja. Nan aka ga yadda take: tana kwance ne a ƙasan ruwa da abin fashewa kimanin kilo 300, a cikinta akwai allurar maganaɗisu. Jirgin ƙarfe na giftawa ta sama, allurar ta motsa, ta haɗa waya, ta tashi. Fashewa daga ƙasa ta fi ta gefe muni, domin ɗaga tsakiyar jirgin take ta sake shi.

Me ya sa jirgi ke motsa allurar? Duniya kanta maganaɗisu ce, ƙarfinta tsakanin maikurotesla 25 da 65, gwargwadon wuri. Ƙarfen jirgi yana tattara wannan ƙarfi, ta hanya biyu. Akwai na dindindin, wanda yake shiga jikinsa tun a wajen ƙira: watanni yana kwance yana fuskantar gefe ɗaya, ana duka, ana walda, ƙarfen ya riƙe. Akwai kuma na aro, wanda yake canzawa duk sanda jirgi ya juya kai ko ya yi arewa ko kudu. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya gauraya su zai lalata aikin.

Charles Goodeve, ɗan Kanada da ke aiki da sojan ruwan Birtaniya, yana cikin jagororin aikin da ake kira digausin, wato kashe maganaɗisun jirgi. Ga yadda ake yi. Da farko jirgi zai bi ta kan layin awo, jerin na'urori da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa, ya bi ta fuska ɗaya ya dawo ta kishiyarta. Bambancin awon biyu shi ke raba na aro da na dindindin. Sannan a kai shi tashar wanke na dindindin, irin wadda ke Lambert's Point a Norfolk. A sauke kamfas da agogunan jirgi da duk abin da maganaɗisu zai ɓata. A naɗe jirgin da manyan keburan jan ƙarfe tun daga goshi har wutsiya, a riƙa sakar musu wuta ta dubban amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), har zuwa 4,000, bugu bayan bugu, kowane bugu yana juya fuska kuma bai kai na baya ƙarfi ba, har abin da ƙarfen ya riƙe ya zube. Wannan ita ce siffar da mai kallo daga nesa zai gani: jirgin yaƙi naɗe da waya, janareta na ruri, an hana kowa matsowa.

Na aro kuma ba ya wankuwa, sai dai a yi ta soke shi. Don haka ake ɗaura wa jirgi keburan da za su zauna a jikinsa. Babba a cikinsu yana zagaye jirgin a kwance, yana soke ƙarfin da ke tsaye, wanda shi nakiyoyin farko suke ji. Akwai na goshi da na wutsiya, akwai mai soke na tsawon jirgi, akwai mai soke na faɗinsa. Ƙarfin kowanne shi ne yawan amfiya sau yawan zagayen waya, kuma akwai jadawalin da mai lura da wutar jirgi ke bi yana sauyawa gwargwadon inda suke da inda suka dosa. Bayan an saita, a sake bin layin awo a tabbatar.

Ƙananan jirage da ba su da janaretan da zai ɗauki wannan nauyi sai aka yi musu shafa: a ja kebur ɗaya daga ƙasa zuwa sama a gefen jirgi da wutar amfiya wajen 2,000, ya bar masa maganaɗisu kishiyar nasa. Kafin kwashe sojojin Birtaniya da ƙawayenta daga Dunkirk ta Faransa a 1940, jirage kusan 400 aka shafe cikin kwana 4.

Inda aikin ke ɓaci yana da yawa. Shafa ba ta daɗewa, dukan igiyar ruwa da girgizar inji suna zubar da ita cikin 'yan watanni, sai an maimaita. Keburan farko a wajen jirgi aka ɗaura su, teku ta yi ta tsinka su, gishiri ya ci rigarsu, sai aka mayar da su ciki. In wutar ta yi yawa, jirgin ya zama maganaɗisu mai juyayyiyar fuska, Jamusawa kuwa ba su daɗe ba suka fito da nakiyar da ke jin kowace fuska, da wadda ke ƙirga jirage ta bar na farko su wuce. In jirgi ya tsallaka layin da maganaɗisun duniya ke kwanciya sambal, dole a juya wutar babban kebur, in ba haka ba maganin ya koma ninka cutar. Wannan layi ba daidai yake da ikwaita ba, a Afirka ta Yamma ta wajen arewacin Najeriya ya ratsa. Keburan suna rikita kamfas, sai an sa masa nasa ƙananan wayoyin gyara. A ruwa maras zurfi kuma, sokewar ba ta cika ba, domin kusa da jirgi inji da bindigogi kowanne da nasa tudun maganaɗisu. Shi ya sa jiragen share nakiya ake ƙera su da katako, daga baya da roba mai zaren gilashi, kamar Wilton na Birtaniya da aka sa a ruwa a 1972.

Wani tsohon sojan ruwa, Edward Dudgeon, da ya yi aiki a jirgin Engstrom, ya shaida wa mai bincike Jacques Vallée cewa irin wannan aiki aka yi musu a Filadelfiya, kuma matuƙa kan yi hirar cewa za a mayar da su waɗanda ba a gani, suna nufin ɓoye su daga nakiya da tofido, wato bam mai gudu a cikin ruwa, mai kan maganaɗisu. Ya kuma kawo bayanin saurin zuwa Norfolk: jiragen soja kan yanke ta mashigin da aka haƙa tsakanin Kogin Delaware da Gaɓar Chesapeake, mai tsawon kilomita 22 da ɗoriya, maimakon zagayawa ta teku. Koren hazon da aka ce ya lulluɓe jirgin ma yana da 'yan'uwa na gaske. Lokacin hadari, cajin lantarki kan taru a kan tsinin ƙarafan jirgi ya riƙa walƙiya shuɗi-shuɗi. Ofishin binciken sojan ruwa kuma ya ambaci gwajin da aka yi a jirgin Timmerman bayan 1950, da janaretan da wutarsa ke kai-komo sau 1,000 a daƙiƙa maimakon 400, wanda ya riƙa fitar da irin wannan haske ba tare da ya cutar da kowa ba. A ganinmu waɗannan su ne kayan da aka gina labarin da su, Allen ya ƙara gishiri.

Ɓoye jirgi daga ido ma an gwada, kuma dabarar tana da ban sha'awa: da fitila aka yi. Da dare, mai leƙe daga jirgin ƙarƙashin ruwa baƙin inuwar jirgi yake gani, domin sama ta fi jirgin haske. Farfesa Edmund Burr na Jami'ar McGill a Kanada ya ba da shawarar a haska gefen jirgin da haske mai rauni daidai da na sama. An gwada a jirgin Cobalt a Janairun 1941, ya kuwa rage nisan da ake hango shi. Matsalar, hasken sama yana canzawa da motsin gajimare da wata, in fitilar ta wuce shi kaɗan jirgin ya tona kansa, ga sandunan fitilun suna karyewa a teku. Amurka ta ɗauki dabarar ta sa wa jiragen sama. A gwajin 1945, jirgin da ake hangowa daga kilomita 19 sai da ya matso kusan kilomita 2.7 kafin a gan shi. Yaɗuwar rada, na'urar hango jirgi da igiyar rediyo, ita ta kashe aikin, don rada ba ruwanta da fitila.

Yau in ka ji an ce jirgi ba a ganinsa, tambayi da wace na'ura. Rada tana aika igiya ne ta jira abin da zai dawo, saboda haka ake karkata bangon jirgi don igiyar ta tafi wani wuri. Jiragen La Fayette na Faransa digiri 10 aka karkata gefensu. Babban abokin gaba shi ne lungu, inda bango biyu ko uku suka haɗu a tsaye, don yana mayar da igiya daidai inda ta fito. Shi ya sa ake shigar da anka da kwale-kwale da bindiga cikin rufi. Ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe, ko tsatsa da gishiri a kan fentin da ke shanye igiyar, sun isa su ɓata lissafi. Lissafin kuwa mai tsada ne: in ka rage abin da jirgi ke mayarwa sau 16, rabin nisan hangensa kawai ka rage. Don a mayar da kilomita 100 zuwa 10, sai an rage sau 10,000. Amurka ta ƙera jirgin gwaji Sea Shadow a 1984, ta ɓoye shi har 1993, wannan kam sirri ne na gaske, ga shi ya fito. Zumwalt, da ya fara aiki a 2016, ya haura mita 180, amma a rada kamar jirgin masunta yake. An yi niyyar ƙera 32, tsada ta sa aka tsaya a 3.

Bayan rada akwai zafi, don haka ake gauraya hayaƙin inji da iska mai sanyi, a kuma fesa wa jikin jirgi ruwan teku. Akwai ƙara, don haka ake ɗora injina kan roba, wasu jiragen kuma suna fitar da labulen kumfar iska a kewayen jikinsu da farfela. Keburan digausin suna nan har gobe, sai dai yanzu kwamfuta ke saita su. Sawun da jirgi ke bari a ruwa kuwa, tauraron ɗan'adam yana iya hango shi ko da jirgin kansa bai fito sosai ba.

Abu mafi kusa da abin da bidiyonka ya nuna shi ne gwajin Jami'ar Duke na 2006. David Smith da abokan aikinsa, bisa lissafin John Pendry, sun jera zobba 10 masu ƙananan zanen jan ƙarfe, faɗinsu duka bai wuce santimita 13 ba, suka sa igiyar maikurowef ta kewaye wani ɗan bututun jan ƙarfe ta haɗe a bayansa. Ya yi aiki a kan zangon igiya guda, a shimfiɗe kawai, kuma da ɗan saura na inuwa. Zanen dole ya fi igiyar ƙanƙanta, igiyar hasken da ido ke gani kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, kuma launuka da yawa ne a haɗe, kowanne da irin zanen da yake bukata. Duk wanda ke ɗakin gwajin a ranar yana kallon bututun da idonsa.